Rayuwar Manya Masu Naƙasar Ƙafa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ba da sanarwa cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, watau wadda take yaɗuwa da kanta a cikin jama'a. Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta riƙe nahiyar, domin a Jihar Barno aka sami yaro na ƙarshe da irin wannan ƙwaya ta kama, a shekarar 2016. An yi murna ƙwarai, kuma murnar ta cancanta. Amma fa sanarwar ba ta miƙar da ƙafar kowa ba. Yaran da cutar ta shanye wa ƙafa a shekarun baya suna nan sun girma, waɗansu sun zama magidanta, waɗansu matan aure, waɗansu kuwa tsufa ya fara kama su. Alal misali, a shekarar 2006 kaɗai an lissafa yara fiye da 1,000 da cutar ta naƙasa a Nijeriya, akasarinsu a jihohin Arewa. Yaron da yake ɗan shekara 2 a wancan lokaci yau ya haura shekara 20.

Manufar wannan lacca ita ce a duba irin zaman da waɗannan bayin Allah suke yi bayan sun girma. Za a fara da kalmomin da Bahaushe yake kiransu da su, da matsayin da ya ba su. Sa'an nan a dubi abubuwan da suke jawo lalurar, da abin da masana suke nufi da ingancin rayuwa. Daga nan sai a bi sassan rayuwar ɗaya bayan ɗaya, a ga inda gizo yake saƙar.

Gurgu a Bakin Bahaushe

Harshe madubin tunanin masu shi ne, saboda haka ya kyautu a fara da shi. Bahaushe yana ce wa wanda ƙafarsa ta sami matsala gurgu, mace gurguwa, jam'i guragu. Yana kuma bambanta darajojin abin. Akwai mai ɗingishi, wanda yake tafiya amma ƙafa ɗaya ba ta takawa daidai. Akwai mai gwame, wanda gwiwoyinsa suke haɗuwa, da mai ƙafar baka, wanda nasa suke buɗewa. Akwai mai dogara sanda, akwai mai rarrafe, akwai kuma mai jan gindi. Daga baya aka sami kalmomi na sakayawa irin su musaki da naƙasasshe, kuma a 'yan shekarun nan gidajen rediyo da ofisoshin gwamnati sun fi son a ce masu bukata ta musamman.

Abin lura shi ne yadda kalmar take fita daga jikin mutum ta shiga waɗansu wurare. Ana cewa gurguwar shawara, ko gurguwar fahimta, ko a ce an gurgunta tattalin arziki. A duk waɗannan, ma'anar ita ce abin da ya lalace, wanda ba zai kai ko'ina ba. Yaron da ya tashi yana jin sunan halittarsa a bakin mutane da wannan ma'ana, dole abin ya bar masa tabo a zuci, ko da masu faɗa ba su nufe shi ba.

Sunan cutar ma yana ɗauke da nasa tarihi. A tsarin bori, Inna wata iska ce da aka yi imani tana shan jinin gaɓar yaro har ta motse ta bushe, daga nan aka sami shan inna. Wannan fahimta ta sa iyaye da yawa suka nufi wajen 'yan bori da masu magani maimakon asibiti. Wata masaniyar al'adu daga Amurka, Elisha Renne, ta yi bincike a Zariya a kan wannan batu, ta kuma fitar da littafi a kansa a shekarar 2010.

Duk da haka, tsarin zaman Hausawa na gargajiya bai jefar da gurgu ba. A manyan garuruwa akwai sarautar Sarkin Guragu, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare. Shi ne yake sasanta jama'arsa, yana karɓar baƙinsu, yana kuma kai kukansu fada. Wannan tsari ya ba su murya da wurin zama. Aibinsa shi ne ya ɗaure su da bara, har ta zama kamar ita ce sana'ar da aka yanka musu.

Abubuwan da Suke Jawo Lalurar

Ba shan inna kaɗai take naƙasa ƙafa ba, ko da yake ita ce ta fi suna. Ƙwayarta tana shiga ta baki, ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a cikin hanji. Mafi yawan waɗanda ta shiga jikinsu ba sa ma nuna alama. Amma a cikin kimanin mutum 200, mutum 1 takan kai ga lakarsa, ta kashe jijiyoyin da suke ba tsoka umarnin motsi. Tsokar da ba ta samun umarni sai ta rame, ƙafar ta ƙi girma daidai da 'yar'uwarta, gaɓoɓin kuma su ƙage a lanƙwashe idan ba a miƙe su. Ya kamata a riƙe abu ɗaya a nan, domin zai yi amfani a gaba: cutar ba ta taɓa hankali, ba ta kashe jin taɓi, kuma ba a gadonta. An sami allurar rigakafinta ta Jonas Salk a 1955, sa'an nan maganin ɗigawa a baki na Albert Sabin a farkon shekarun 1960. Lokacin da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da ita daga duniya a 1988, an ƙiyasta tana naƙasa yara wajen 350,000 a kowace shekara. A Arewacin Nijeriya aikin ya sami cikas a 2003, sa'ad da waɗansu jihohi suka dakatar da rigakafin saboda zargin da aka yi masa, Jihar Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004. Yawan da aka gani a 2006 ya biyo bayan wannan ne.

Na biyu, akwai yaran da ake haifa da tafin ƙafa a murɗe, yana duban ciki. Ana samun kimanin 1 a cikin kowace haihuwa 1,000. Idan an bari, yaron zai tashi yana taka gefen ƙafa ko bayanta, wurin ya yi kanta, takalmi kuma ya gagara shiga. Wani likita mai suna Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ayowa ta Amurka, ya fito da hanyar gyara ta ba tare da babbar tiyata ba: ana miƙe ƙafar a hankali, a ɗaure ta da filasta, a riƙa sakewa mako-mako na 'yan makonni, daga nan yaro ya riƙa sa wani takalmi na musamman da dare har ya kai shekara 4 ko 5. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna warkewa idan an fara da wuri. Da ma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku shi ne laushin ƙashi na yara, wanda yake kawo gwame da ƙafar baka. A ƙasashen sanyi rashin hasken rana ne yake jawo shi, saboda da rana jiki yake haɗa bitamin D. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a nan ƙasar babban dalilin shi ne ƙarancin sinadarin kalsiyam a abincin yara, watau abinci mai yawan hatsi, marar nono.

Na huɗu, karaya da ba ta sami kyakkyawan ɗori ba. Maɗoran gargajiya suna da ƙwarewarsu, kuma su ne kusa da talaka, amma ɗaurin da ya yi tsanani yakan tare jini har ƙafa ta ruɓe a kai ga yankewa, ƙashin da bai zauna daidai ba kuma yakan haɗe a karkace. Haɗarin mota da na babur sun ƙara yawan irin waɗannan. Akwai kuma allurar da akan yi wa yaro a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, ta sami babbar jijiyar ƙafa, ƙafar ta saki.

Me Ake Nufi da Ingancin Rayuwa?

A da, likita yakan auna nasararsa da abin da ya gani a hoton ƙashi. Idan ƙashi ya miƙe, aiki ya yi kyau. Daga baya aka gane cewa wannan ma'auni bai isa ba, domin ana iya samun mutum biyu masu lalura iri ɗaya, ɗaya yana da shago da iyali yana cikin walwala, ɗayan kuwa yana kulle a ɗaki. Saboda haka a shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani ma'auni na tambayoyi, wanda gajeren nau'insa yake da tambaya 26. Ya kasa rayuwa kashi 4: lafiyar jiki, kwanciyar hankali, hulɗa da jama'a, da muhalli. Muhimmin abu a cikinsa shi ne mutumin da kansa ake tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2001 hukumar ta ƙara fito da wani tsari na fahimtar naƙasa, wanda ya raba abu biyu da aka saba haɗawa. Akwai lalurar da take jikin mutum, akwai kuma shingen da yake samu a waje. Ƙafar da ta shanye lalura ce ta jiki. Matakala 10 da aka gina a ƙofar banki kuwa aikin magini ne. Idan waɗannan biyu suka haɗu, sa'an nan mutum yake kasa shiga banki. Amfanin wannan rabo a fili yake: ƙafar babban mutum da shan inna ta shanye ba ta dawowa, amma matakala ana iya gyara ta gobe da buhun siminti kaɗan.

Lafiyar Jiki

Mutane da yawa suna zaton wanda ya sha fama da shan inna yana yaro ya gama da ita. Ba haka abin yake ba. Lokacin da cutar ta kashe waɗansu jijiyoyi, waɗanda suka tsira sukan yi rassa su ɗauki aikin matattun. Bayan shekara 15 zuwa 40 suna wannan aiki fiye da ƙima, sai su fara gajiya. Mutum ya ji sabon rauni, da kasala mai tsanani, da ciwon tsoka da na gaɓoɓi, har wanda yake tafiya da sanda ya koma ba ya iyawa. An ƙiyasta wannan yana samun kashi 25 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka tsira. Ba ƙwayar cutar ce ta dawo ba, kuma ba ya yaɗuwa. Ba shi da maganin da zai kawar da shi, amma ana rage wahalarsa ta hanyar hutawa a tsakanin ayyuka, da motsa jiki daidai gwargwado a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gashin ƙashi, da karɓar abin taimako tun kafin jiki ya gaza. Idan aka yi lissafi, waɗanda cutar ta kama tsakanin 2003 da 2009 yanzu suke shiga shekarun da wannan matsala take bayyana.

Bayan wannan, sauran jiki yana biyan bashin ƙafa. Mai dogara sanda kafaɗunsa da wuyan hannunsa ne suke ɗauke da nauyinsa, alhali ba don haka aka halicce su ba. Mai ɗingishi ƙafarsa mai lafiya ce take shan wahala, gwiwarta ta riga lokacinta lalacewa, ƙashin baya kuma ya karkace. Mai rarrafe gwiwoyinsa da tafin hannunsa suna yin kanta, su tsage, ƙazanta ta shiga. Ƙiba ma abar tsoro ce, domin kowane kilo da ya ƙaru kafaɗa ce za ta ɗauka.

Kayan taimako suna sauya wannan hali ƙwarai. Takalmin ƙarfe da yake riƙe gwiwa, da takalmin da aka ƙara wa tsawo don daidaita ƙafafu, da sanduna, da keke, kowanne yana da wanda ya dace da shi. Sharaɗin shi ne a auna shi a jikin mai shi. Keken da ya yi faɗi ko ya matse yakan jawo ciwon baya da gyambo, kuma keken asibiti mai ƙananan tayoyi ba ya zuwa ko'ina a cikin rairayi. Wannan ne ya sa keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya karɓu a ƙasar nan, ga shi kuma kowane mai gyaran keke zai iya gyara shi. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana yin tiyatar sakin gaɓoɓin da suka ƙage, yana kuma haɗa irin waɗannan kaya. Sai dai mutumin ƙauye mai nisa, kuɗin mota da na kwana kaɗai sun isa su hana shi zuwa.

Muhalli

A bi mai keken guragu daga safiya zuwa dare, za a ga inda wahalarsa take. Ƙofar zaure tana da dokin ƙofa, kuma sau da yawa ba ta da faɗin da keke zai wuce. Lungu yana da kwata a tsakiya. Da damina taɓo ya cika hanya, wanda yake tafiya da hannu kuwa a cikinsa zai sa hannun da zai ci abinci da shi. Mafi tsanani shi ne bayan gida. Masai na tsuguno an yi shi ne don mai ƙafa biyu masu ƙarfi, wanda ba shi da su dole ya dafa ƙasa. Saboda haka waɗansu sukan rage ci da sha idan za su fita, abin da yake jawo musu wata cutar dabam. Wannan magana ce da kunya take hana a yi ta, amma duk wanda ya zauna da masu lalurar ya san tana cikin manyan damuwarsu.

A waje kuma ga abin hawa. Direban haya yakan wuce mai keke don gudun ɓata lokaci, ko ya nemi kuɗin mutum biyu. Makarantu da asibitoci da kotuna da yawa benaye ne marasa gangara. Masallatai ma suna da matakala, wurin alwala kuma yana da santsi, alhali shari'a ta sauƙaƙa wa marar lafiya ya yi salla a zaune, kuma tarihi ya adana labarin Amru ɗan Jamuhu, sahabi gurgu wanda ya halarci yaƙin Uhudu ya yi shahada a can. Addinin da ya karɓe shi a sahun yaƙi bai kamata gininsa ya hana ɗan'uwansa shiga sahun salla ba.

Ilmi, Sana'a da Bara

Talaucin babban mutum mai naƙasa yakan samo asali ne tun ranar da aka yanke shawarar ba za a sa shi makaranta ba. Dalilan iyaye sanannu ne: makaranta tana da nisa, babu mai goya shi, yara za su tsokane shi, kuɗin kuma gara a kashe wa mai lafiya. To, wanda ƙafarsa ba za ta yi noma ko dako ba, shi ya fi kowa bukatar aikin da ake yi da kai da hannu. Hana shi karatu rufe masa ƙofar da ta rage ne.

Idan aka rufe wannan ƙofa, sai ta bara ta buɗe. Ba daidai ba ne a ɗora wa mabaraci laifin duka, domin jama'a ce ta koya masa cewa hannunsa na karɓa ne. Mutum zai ba gurgu sadaka da farin ciki, amma ya yi jinkirin ba shi ɗinki ko ɗaukarsa aiki a shago. Gwamnatoci sun sha hana bara a tituna, su kwashe mutane, bayan 'yan watanni a gan su sun dawo, saboda ba a ba su abin da zai maye gurbinta ba.

Masu lalurar da kansu sun nuna wata hanya. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da abokansa sun kafa ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa, suna walda suna ƙera kekunan guragu, suna kuma koya wa matasa. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda shi ma cutar ta kama shi yana yaro, ya jagoranci wata cibiya da ta ƙera dubban kekuna ta raba. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a ƙarshen shekarun 1980, wadda ake bugawa da hannu a kan ɗan katako mai tayoyi. A wasannin naƙasassu na duniya da aka yi a Riyo ta ƙasar Barazil a 2016, 'yan Nijeriya sun ciyo zinariya 8, kuma ɗaya daga cikin masu ɗaga nauyin da suka ciyo, Lucy Ejike, shan inna ce ta zaunar da ita. Ba a kawo waɗannan don a ce kowa sai ya zama gwarzo ba. An kawo su ne don su zama hujja cewa abin da ya rasa a wajen sauran shi ne dama. Tela, da mai gyaran waya, da malamin makaranta, da akawu, duk a zaune suke aikinsu.

Aure da Zaman Jama'a

A ƙasar Hausa aure ne yake cika mutum, saboda haka wanda aka hana shi aure an tauye shi ƙwarai. Namiji mai naƙasa idan yana da abin hannu yakan sami mata ba da wahala mai yawa ba. Mace ce abin ya fi yi wa nauyi. Dangin miji sukan tambaya ko za ta iya daka da ɗebo ruwa da goyo, su kuma ji tsoron kada ta haifi irinta. An riga an nuna cewa shan inna ba a gadonta, kuma ba ta hana ɗaukar ciki. Abin da ake bukata shi ne mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta haihu a asibiti, domin idan ƙashin ƙugu ya karkace wataƙila a bukaci tiyata. Rashin sanin wannan ya sa mata da yawa sun tsufa a gidan iyaye, ko an ba da su ga wanda ba sa so a matsayin alfarma.

Tausayi ma yana da nasa ciwo. Akwai mai zuwa da kuɗinsa zai sayi kaya a kasuwa, kafin ya buɗe baki a miƙo masa sadaka, ko a ce masa Allah ya ba da haƙuri. Akwai wanda za a zo asibiti da shi, ma'aikaci ya riƙa tambayar ɗan rakiya abin da yake damunsa, shi kuwa yana zaune yana ji. Irin waɗannan ƙananan abubuwa idan suka taru shekara da shekaru sukan sa mutum ya daina fita, daga nan baƙin ciki ya kama shi. Gaisuwa irin ta kowa, da neman shawararsa a sha'anin gida da na unguwa, suna cikin abin da yake tsare masa mutuncinsa.

Doka

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 ta zama shekarar naƙasassu, ta kuma amince da yarjejeniyar kare haƙƙinsu a 2006. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya saɓa, da tarar naira 1,000,000 ga kamfani. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta hana a yi amfani da naƙasasshe wajen bara, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su shigu. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa da za ta kula da aiwatar da ita. Wa'adin gyaran ya cika a Janairun 2024. Duk mai son sanin inda aka kwana, sai ya zaga sakatariyar ƙaramar hukumarsu da tashar motar garinsu ya ƙirga gangara nawa zai gani.

Abin da Ya Kamata a Yi

Aikin ya rabu gwargwadon ikon kowa. Iyaye su ci gaba da kai yara rigakafi, domin ƙwayar asali tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma wani nau'i da yake ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci ya ci gaba da naƙasa yara a Arewa bayan 2020. Ungozoma da ta ga jariri da murɗaɗɗiyar ƙafa ta tura shi asibiti a makonnin farko. Maigida da yake da mai lalura a gidansa ya faɗaɗa ƙofa, ya sassaƙe dokin ƙofa, ya sa kafinta ya yi kujerar masai, ya kafa ƙarfen dafawa a bango. Kwamitin masallaci da na makaranta su yi gangara kusa da matakala. Ma'aikatan ƙananan asibitoci a koya musu alamun raunin da yake biyo bayan shan inna, don kada su sallami mutum da maganin zazzaɓi. Masu zakka da sadaka su tuna cewa keken ɗinki ko kuɗin makaranta sun fi daɗewa a kan abin da ake miƙawa ta tagar mota. Jami'o'i kuwa su fara da kansu: ɗakin karatu da zauren lacca da ɗakin kwanan ɗalibai su zama masu shiguwa, malaman harshe kuma su taimaka wa gidajen rediyo da kalmomin da ba sa muzanta mutum. A duk abin da za a tsara, a zauna da masu lalurar da sarakunansu da ƙungiyoyinsu tun daga farko.

Kammalawa

An ga cewa naƙasar ƙafa tana da musabbabai da yawa, kuma mafi yawansu ana iya tare su ko gyara su tun mutum yana yaro. An ga kuma cewa ga wanda ya riga ya girma da ita, abin da yake yanke masa jin daɗi ko wahala ya fi yawa a wajen jikinsa: faɗin ƙofa, da irin masai, da karatun da aka ba shi ko aka hana shi, da yadda ake dubansa idan ya zo neman aure ko aiki. Ƙasar da ta iya bin gida-gida shekara da shekaru har ta kori ƙwayar shan inna ta asali, ta san ƙofar kowane gida da cutar ta shiga. Bin waɗannan gidaje a karo na biyu, da keke da takalmi da gurbin makaranta, shi ne sauran aikin, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.